Me ya sa wayoyi suka daina zuwa da ramin iyafis, kuma ina aka dosa?

Malama Hadiza ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar wayoyi da kayan sauti, kuma zan so a yi mini bayani dalla-dalla, domin amsoshin da nake samu a fatar baki ba su gamsar da ni ba.

Aikina shi ne sauraren hirarrakin da aka naɗa ina mayar da su rubutu, saboda haka nakan yini da iyafis a kunne, wani lokaci awa biyar ko shida a jere. Shekara huɗu ke nan ina amfani da iyafis guda ɗaya mai igiya, kuma sau ɗaya tak ya taɓa ba ni matsala, lokacin da igiyar ta karye a gindin bakin da ake sokawa. Aka yanke wurin, aka sake haɗa shi da dalma, ya ci gaba da aiki kamar babu abin da ya taɓa samunsa. A watan jiya na canza waya. Sai da na ciro ta daga kwali, na juya ta sama da ƙasa ina laluben ramin iyafis, sannan na gane cewa rami ɗaya ne kawai a jikinta, wato na caji. Na san manyan wayoyi sun daɗe da rabuwa da wannan rami, amma ban zaci abin ya gangaro har kan matsakaita ba, shi ya sa ban duba ba kafin na saya.

An ba ni shawara na sayi mara igiya, na kuwa saya. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da daɗin amfani, amma abubuwa biyu sun dame ni. Na farko, cajinsa yakan ƙare ina tsakiyar hira, sai na ajiye aiki na jira shi. Na biyu kuma, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, duk lokacin da na tsayar da hirar don na rubuta abin da na ji, na ɗan jima sannan na sake kunnawa, gaɓar farko ta maganar takan ɓace. Mai magana ya ce "ba zan amince ba", ni kuma abin da ya iso kunnena shi ne "zan amince ba", sai na koma baya na sake saurara don kada na ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba.

Don haka nake tambaya: mene ne ainihin dalilin da ya sa kamfanoni suka cire ramin? Shin da gaske sautin mai igiya ya fi, ko sabo ne kawai yake ruɗin mu? Kuma idan ramin ya tafi ke nan ba dawowa, ya dace mutum ya zuba kuɗinsa a mara igiya mai kyau, ko ya ci gaba da neman wayar da ta rage da shi?

Injiniya Bashir ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Zan ɗauki tambayarki ta farko, sauran kuma na bar wa masu sauti, domin sun fi ni kunne.

Wannan ramin da kike nema yana cikin tsofaffin abubuwan da suka rage a jikin kayan lantarki. Kakansa shi ne babban baki mai faɗin milimita 6.35, wanda ma'aikatan musayar tarho suke sokawa suna zarewa tun ƙarshen ƙarni na 19 don haɗa mai kira da wanda ake kira, kuma har yau shi ne a jikin jita mai lantarki da manyan na'urorin ɗakin naɗar sauti. Ƙaramin, mai milimita 3.5, ya yaɗu ne tare da ƙananan rediyoyin hannu, sannan Walkman, ƙaramar na'urar sauraren kaset ta kamfanin Sony, wanda ya fito a 1979, ya kai shi kusan kowane gida. Babban alherinsa shi ne ba mallakar kowa ba ne: iyafis ɗin da aka ƙera shekara talatin da suka wuce zai yi aiki a kwamfutar da aka ƙera bana, ba tare da neman izinin wani kamfani ba.

Mutane da yawa suna ɗauka Apple ne ya fara cire shi, alhali Oppo ya fitar da R5 ba tare da ramin ba tun 2014, sannan LeEco da Motorola, da wayarsa Moto Z, sun riga Apple da 'yan watanni a 2016. Sai dai ranar 7 ga Satumba, 2016, lokacin da aka gabatar da iPhone 7, ita ce ranar da ta sauya alƙiblar kasuwa, saboda girman kamfanin da yawan masu bin sawunsa. A wurin taron, Phil Schiller, wani babban jami'in Apple, ya taƙaita dalilinsu a kalma guda, wadda ma'anarta ita ce ƙarfin hali, kuma an daɗe ana yi musu ba'a a kanta. A wannan taron ne dai aka gabatar da AirPods, iyafis mara igiya na Apple, wanda ya shiga kasuwa a watan Disamba na shekarar.

Dalilan da kamfanoni suke bayarwa uku ne: wuri, ruwa da siranta. Batun wuri gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa buɗe waya zai shaida. Abin da kike gani a waje ɗan rami ne, amma a ciki gida ne mai zurfin fiye da santimita ɗaya, a daidai ƙasan wayar inda sifika da ramin caji da eriya da injin girgiza suke cunkushe. Batirin iPhone 6s yana da ƙarfin mAh 1,715, na iPhone 7 kuma mAh 1,960, ko da yake ba za a jingina dukan ƙarin ga cire ramin ba. Batun ruwa kuwa bai da ƙarfi sosai, domin Galaxy S7 na Samsung, wanda ya fito a farkon wannan shekarar ta 2016 da raminsa, yana da shaidar jure ruwa ta IP68, wadda ta ɗara IP67 ta iPhone 7. Siranta ma haka: R5 ɗin da na ambata kaurinsa milimita 4.85 ne, amma Vivo ya fitar da X5 Max mai milimita 4.75, ya fi shi siranta, kuma da raminsa. Ma'ana, ana iya yi idan an so, sai dai yana ƙara wa injiniyoyi aiki da kuɗin ƙira.

Akwai dalili na huɗu da ba a cika faɗa a kan dandamali ba, amma jerin shekaru yana nuna shi. Apple ya sayi kamfanin Beats mai ƙera hedifon a 2014 a kan dala biliyan 3. Samsung ya kammala sayen Harman, uwar JBL da AKG masu ƙera kayan sauti, a 2017 a kan kusan dala biliyan 8. Google ya yi wa Apple shaguɓe a tallan wayarsa Pixel ta farko a 2016, ya dawo a 2017 ya cire ramin a Pixel 2, a ranar da ya gabatar da nasa Pixel Buds. Samsung ma ya yi tallace-tallace na zolaya, sannan a 2019, shekarar da ya fito da Galaxy Buds, ya saki Note 10 babu ramin. Ba na cewa an zauna an ƙulla makirci, amma kamfanin da yake sayar da iyafis mara igiya ba shi da wani abin da zai tura shi ya sha wahalar ajiye ramin da yake ba ki damar amfani da na shekara huɗu da suka wuce. A ganina wuri shi ne dalilin injiniya, ciniki kuma shi ne dalilin da ya sa shugabanninsa suka saurare shi.

Malam Nura mai sauti ya rubuta:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa. Malama Hadiza, ni aikina haɗa sauti ne, kuma abin da kika kwatanta na ɓacewar gaɓar farko sanannen abu ne, ba kunnenki ba ne, ba kuma lalacewa ba ce. Don tattalin batir, idan sauti ya tsaya na ɗan lokaci, wayar da iyafis ɗin sukan sassauta hanyar da ke tsakaninsu su shiga ɗan gyangyaɗi. Da kin sake kunnawa, kafin su farka su daidaita, wani yanki na sakan ya wuce da abin da ke cikinsa. Mai sauraren waƙa ba zai lura ba, amma mai rubuta magana zai lura kullum.

Kafin a yi hukunci kan wanda ya fi, ya kamata a san abin da ya tashi daga ina ya koma ina. Sautin da ke cikin waya lambobi ne, kunne kuma ba ya jin lambobi, sai an mayar da su motsin lantarki wanda zai girgiza ɗan faifan da ke cikin iyafis. A wayar da ke da rami, ɗan guntun da yake wannan juyi da wanda yake ƙara wa sautin ƙarfi duk suna cikin wayar, igiya kawai take kai saƙo. Da aka cire ramin, sai aka kwashe wannan aiki aka kai cikin iyafis ɗin, aka haɗa masa da rediyon karɓa da batir, duk a abin da bai wuce kan yatsa ba.

Hanyar Bluetooth kuma, wadda sauti yake bi zuwa mara igiya, ƙunci gare ta. Sautin faifan CD yana buƙatar kilobit 1,411 a kowane sakan. Tsarin matse sauti na SBC, wanda kowace na'urar Bluetooth ta sauti take da shi, yakan tsaya ne a wajen 328, LDAC na Sony kuma yana kaiwa 990 idan babu cunkoso a iska. Don haka da waɗannan tsare-tsare dole a zubar da wani abu kafin a tura. Lokacin da Apple Music ya kawo sautin da ba a rage masa komai ba a 2021, kamfanin da kansa ya bayyana cewa AirPods ba za su iya isar da shi haka ta Bluetooth ba.

To amma zan faɗi abin da abokan sana'ata ba sa son ji. Mafi yawan mutane, idan aka rufe musu ido aka kunna musu biyun a kan iyafis iri ɗaya, ba za su bambance ba, musamman a cikin mota ko inda ake hayaniya. Ingancin faifan da ke cikin iyafis da yadda robarsa ta zauna a kunne sun fi tsarin matsewa tasiri nesa ba kusa ba. Mara igiya mai kyau ya fi mai igiya na banza.

Inda igiya ba ta da abokin karawa shi ne jinkiri. Bluetooth na yau da kullum yakan makara da kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na sakan. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, saboda haka jinkirin kashi biyu cikin goma daidai yake da mai magana ya tsaya kusan mita 70 daga inda kike. A bidiyo ba a gani, domin manhajar takan jinkirta hoton ya jira sautin. Amma na taɓa sa wa mai karanta labari mara igiya don ya riƙa jin muryarsa yayin naɗa, bai kai ƙarshen jimla ta biyu ba ya fara in'ina, domin muryarsa tana dawo masa bayan ya riga ya wuce kalmar. Ya cire ya ajiye a kan tebur, muka koma igiya. Haka kuma idan aka buɗe makirufon iyafis don kira, tsohon tsarin Bluetooth yakan sauka zuwa wata hanya mai ƙarancin inganci, shi ya sa murya take zama kamar daga cikin gwangwani.

Shawarata gare ki ita ce kada ki canza waya. Ki sayi ɗan adafta mai shiga ramin caji, ki ci gaba da tsohon iyafis ɗinki. Ki lura dai iri biyu ne: akwai wanda igiya ce zalla, yana dogara da wayar ta turo sautin da aka riga aka juya, kuma wayoyi da yawa ba sa yin haka; akwai kuma mai ɗan guntun juyi a cikinsa. Na biyun za ki nema, shi ne yake aiki a kusan kowace waya mai ramin caji irin na USB-C.

Hajiya Bilkisu ta rubuta:

Ina neman afuwar malamai, amma ina ganin an ɗan yi wa mara igiya rashin adalci, kuma ana tuna mai igiya kamar bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Mun manta da warwarar igiyar da ta cukurkuɗe a jaka, da hannun ƙofa da yake fizge ta daga kunne har waya ta faɗi, da kunne ɗaya da yake daina aiki sai an riƙa lanƙwasa igiyar ana neman inda za ta kama. Ramin kansa yakan tara ƙura har waya ta ɗauka an soka iyafis alhali babu komai, ta hana sifika magana. Kuma maganar cewa kowane iyafis yana aiki a ko'ina ba ta cika ba, domin masu makirufo tsari biyu ne, OMTP da CTIA, waɗanda suka saɓa wajen jera zoben makirufo, kuma wanda ya haɗa su ba daidai ba ya san irin sautin da yake fita.

Abin da ya sa ba zan koma ba shi ne danne hayaniya. Iyafis ɗin yana da ƙananan makirufo da suke sauraren ƙarar waje, sai ya samar da kishiyarta, su kashe juna kafin su kai dodon kunne. Wannan aiki yana buƙatar lantarki ko da akwai igiya, don haka batir ya riga ya shigo ko ana so ko ba a so. Amfaninsa ya wuce jin daɗi. A da, idan ina cikin jirgi ko motar haya, nakan ƙure ƙarar don na rinjayi ƙugin inji. Yanzu rabi yake isata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar kada su wuce awa 40 a mako a kan desibel 80, kuma duk abin da zai sa mutum ya rage ƙara ba ƙaramin abu ba ne ga mai yini da iyafis kamar Malama Hadiza.

Sannan a watan Satumba na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da AirPods Pro 2 a matsayin na'urar taimaka wa ji ga manya masu ƙaramar matsala ko matsakaiciya. Duk wanda yake da dattijo a gida da yake ƙin sa na'urar ji saboda kunya, amma ba zai ji komai ba idan abin da ke kunnensa irin na kowa ne, zai gane girman wannan. Igiya zalla ba za ta taɓa yin haka ba, domin ba ta da ƙwaƙwalwa.

Malama Hadiza ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na yarda da maganarki kan rage ƙara, domin na lura da hakan ni ma. Malam Nura, zan nemi adaftan da ka kwatanta. Sai dai akwai abin da har yanzu ba a taɓo ba: wata abokiyar aikina ta ce nata mara igiya, wanda da farko yake awa biyar, bai cika shekara uku ba ya koma minti arba'in, kuma da ta kai gyara aka ce ba a canza masa batir. Shin haka dukansu suke? Idan haka ne, to ai mutum haya yake yi, ba saye ba.

Malam Garba mai gyara ya rubuta:

Malama, kin taɓo inda gizo yake saƙa. Shekaru da dama ina gyaran waya, kuma babu abin da nake mayar wa mai shi ba tare da na iya yi masa komai ba kamar waɗannan 'yan ƙananan iyafis.

Batirin lithium kowane iri yana tsufa, bayan an cika shi an sauke sau ɗari-ɗari ƙarfinsa yakan ragu. Na cikin iyafis kuma ya fi saurin gajiya saboda dalilai biyu. Ƙanƙane ne ƙwarai, don haka mai yawan amfani yakan sauke shi ya cika sau biyu ko uku a yini, alhali waya sau ɗaya ce. Sannan duk lokacin da aka mayar da shi gidansa na caji, caji yake yi har ya cika maƙil ya zauna a haka, zama a cike kuwa, musamman cikin zafi, yana cikin abubuwan da suke tsufar da irin wannan batir. Yawanci kunne ɗaya yakan riga ɗayan mutuwa, wanda aka fi yin kira da shi.

Da a ce ana buɗewa, da abin da sauƙi. Na taɓa gwada wani da mai shi ya ce ko ya gyaru ko ya lalace duk ɗaya ne a wurinsa. Babu noti ko ɗaya, gam ne tun daga sama har ƙasa. Na gasa shi da iska mai zafi, na bi layin haɗin da reza, ya buɗe, amma siririn layin da ya haɗa makirufo da allon ciki, wanda bai kai kaurin takarda ba, ya tsinke a hannuna. Ko da bai tsinke ba, mayar da murfin yadda zai toshe iska kamar da wani aiki ne daban, kuma idan bai toshe ba sautin ya tafi. Masu buɗe na'urori na iFixit sun ba AirPods sifili cikin goma a ma'aunin sauƙin gyara, kuma yawancin na sauran kamfanoni ba su yi musu nisa ba. Ki kwatanta da naki mai igiya, wanda ɗigon dalma ya ƙara masa shekaru. Kuma kada a manta kowane saiti batir uku ne, biyu a kunnuwa, ɗaya a gida, kuma akasari kwandon shara suke ƙarewa, inda batirin lithium yake iya kama wuta idan aka murƙushe shi.

Amma ba dole ba ne ya zama haka, kuma a nan ne nake ganin makomar abin take. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holan, wanda shi ma ya cire ramin a wayarsa ta 2021 ya sha suka, ya fitar da Fairbuds a 2024, waɗanda mai su zai iya canza batirin kunne da na gida da kansa. Ya nuna cewa ana iya ƙerawa. Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar batir a 2023, wadda daga watan Fabrairu na 2027 take buƙatar a ƙera na'urorin hannu yadda mai su zai iya cire batir ya sa wani, ko da yake akwai keɓe-keɓe a cikinta, kuma kamfanoni za su nemi shiga ta nan. Na ba wannan doka muhimmanci saboda mun ga abin da dokarsu ta tilasta ramin caji na USB-C ta yi: ta fara aiki a ƙarshen Disamba 2024, amma tun 2023 iPhone 15 ya bar Lightning, ramin caji na Apple, ya koma USB-C a duk duniya, domin ba wanda yake son ƙera kaya iri biyu.

Ta ɓangaren rediyon kuma, ƙungiyar da ke kula da Bluetooth ta sanar da sabon salon aika sauti mai suna LE Audio a farkon 2020, da sabon tsarin matsewa mai suna LC3, wanda yake ba da sauti mai kyau da ƙarancin bayanai da ƙarancin cin batir, yana kuma rage jinkirin da Malam Nura ya koka da shi. A cikinsa akwai Auracast, wanda zai ba na'ura ɗaya damar watsa wa kunnuwa masu yawa a lokaci guda, kamar sanarwa a filin jirgin sama ko lacca a babban zaure. Tafiyar hawainiya yake yi, domin sai wayar da iyafis ɗin duka biyu sun iya shi.

Ramin kuwa bai mutu ba, ya dai koma gefe biyu na kasuwa. Yana nan a wayoyi masu sauƙin kuɗi, inda mai saye yake son rediyon FM, wanda igiyar iyafis ce eriyarsa. Yana nan kuma a wasu na musamman: Sony ya cire shi a 2018, ya dawo da shi a Xperia 1 II a 2020, Asus ma ya riƙe shi a yawancin wayoyinsa na masu wasan gem. LG, wanda ya fi kowa kula da sautin rami, ya bar harkar waya gaba ɗaya a 2021. Ba na tsammanin manyan wayoyin Apple da Samsung za su dawo da shi. Idan za ki sayi mara igiya mai tsada, tambaya ta farko ga mai sayarwa ita ce ko ana canza batirinsa, ta biyu ko ana samun kunne ɗaya idan ɗaya ya ɓace.

Malama Hadiza ta rubuta:

Na samo adafta mai guntun juyi, kuma jiya na yi awa shida da tsohon iyafis ɗina ba tare da gaɓa ko ɗaya ta ɓace ba. Mara igiyar na bar shi don tafiya da kira. Matsala ɗaya ta rage: da yamma cajin wayar ya yi ƙasa, ramin kuma ɗaya ne, sai na zaɓi tsakanin caji da aiki.

Malam Nura mai sauti ya rubuta:

Akwai adafta mai baki biyu, ɗaya na iyafis ɗaya na caza, amma ki gwada shi a wayarki kafin ki biya, domin marasa kyau sukan shigo da ɗan zuzu na lantarki cikin sauti da zarar an jona caza, kuma a hirar da aka naɗa da murya ƙasa-ƙasa zai dame ki. Idan wayar tana cajin ɗorawa a kan faifai, wannan ya fi tsabta. Ki kuma bar adaftan a maƙale da iyafis ɗin, kada ki riƙa barinsa a jikin waya cikin jaka, domin a nan ne wuyansa yake lanƙwashewa, ya kuma sassauta ramin cajin.